Kamu, tiya da metir: sharhi a kan darasin awo cikin Hausa

Tun daga shekarar 1973, sa'ad da aka buɗe ajin farko na gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, masu aikin harshe a ƙasar nan sun sha jin tambaya guda, wai ko Hausa tana iya ɗaukar kimiyya. Tambayar ta tsufa, kuma tun da kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ba ta da sauran amfani. Abin da ya rage shi ne a duba aikin da ake yi da harshen cikin aji, darasi bayan darasi. A nan mun ɗauki darasi ɗaya, wato na awo da metir da litir da kilo, domin shi ne ƙofar da yaro yake bi ya shiga kimiyya. Abin da za mu yi sharhi a kansa shi ne fasalin darasin kamar yadda muka gaje shi daga lakwal ta Faransanci, da kuma yadda ake juyo shi cikin Hausa.

Duk wanda ya zauna a benci ya san wannan darasi. Malam ya zana jadawali mai gida bakwai a babban allo, ya rubuta km, hm, dam, m, dm, cm, mm, yara su kwafa, su rera shi har ya zauna. Sa'an nan a ba su lamba su sa ta a gidanta, su cika sauran gidajen da sifiri, ko kuwa su matsar da waƙafi hagu ko dama. Ba mu raina wannan jadawali ba. Yana nuna wa ido cewa kowane gida ya ninka na damansa sau goma, kuma ya fid da yara da yawa kunya a ranar jarrabawa. Amma fa yaron da ya iya mai da kilometir 3 zuwa milimetir 3 000 000 ba tare da kuskure ba, sau da yawa in aka ce ya kimanta tsawon ƙofar ajinsa sai ya ce metir goma, ko santimetir biyar, ko a jikinsa. Ya koyi matsar da waƙafi, hannunsa da idonsa ba su koyi kome ba. Ga shi kuma gida uku daga cikin bakwai ɗin, wato hm da dam da dm, da wuya ya sake jin sunansu a kasuwa ko a tasha ko a asibiti har ya tsufa.

Da aka zo juya darasin cikin Hausa, abin da aka fi yi shi ne a ɗauke kalmar Faransanci a ajiye ta Hausa a gurbinta, ginin kuwa a bar shi yadda yake. Nan ne babban kuskuren, a ganinmu. Darasin asali an tsara shi ne don yaron da ya tashi cikin ƙasar da ta yi kusan ƙarni biyu ba ta san wani awo na hukuma ba sai metir. Yaron Tasawa ko na Madawa ya zo lakwal da nasa awon a hannu. Ya ga an kama zane da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Ya ji masu ginin rijiya suna faɗin zurfinta da gaba, wato buɗin hannuwa biyu. Ya san ɗani da taƙi, ya san taku. An aike shi awon hatsi da tiya ko mudu, ya ga ana lissafin amfanin gona da dami. Darasin da ya fara kamar yaron bai taɓa auna kome ba ya zubar da jari mafi girma da malam yake da shi, kuma ya koya wa yaron wani abu a kaikaice, cewa abin da uwarsa take yi a kasuwa ba ilimi ba ne.

Hanyar da ta fi dacewa a fili take. A sa yara biyar su auna bangon aji da kamunsu, malam ma ya auna da nasa, a rubuta sakamakon a allo. Lambobin za su saɓa, gardama za ta tashi, kuma daga bakin yaran ne tambayar za ta fito: kamun wa za a bi? Wannan ita ce ainihin tambayar da ta haifi metir. Kafin juyin juya hali na 1789 kusan kowane yanki na Faransa da nasa awon, sunan ɗaya amma girman daban, kuma talakawa sun yi ta kuka cewa masu ƙasa suna karɓar hatsi da babban mudu. Shi ya sa a 1791 masanan Paris suka ba da shawara a ɗauko awon daga duniya kanta, wadda ba ta kowa ba ce: a raba nisan da yake tsakanin ƙuryar arewa da tsakiyar duniya kashi miliyan goma, kashi ɗaya shi ne metir. Delambre da Méchain suka yi daga 1792 zuwa 1798 suna awon tsakanin Dunkerk da Barsalona don a sami wannan lissafi. Doka ta kafa tsarin a 1795, aka ƙera sandar metir ta farin ƙarfe mai daraja a 1799.

Akwai wani sashe na tarihin da littattafan lakwal ba su cika faɗi ba, alhali shi ya fi shafarmu. Faransawa da kansu sun ƙi sabon awon. A 1812 sai da hukuma ta sassauta, ta yarda a ci gaba da tsofaffin sunaye amma a ɗaure su da sabon tsari, aka ce tsohuwar gabarsu metir 2 ce, tsohuwar labarsu kuwa giram 500. Sai dokar 1837 ta tilasta metir daga farkon 1840. Shekara 45 ke nan tsakanin kafa doka da tilasta ta, a ƙasar da aka ƙirƙiro abin. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin tiya tana mulki a kasuwar Maraɗi ba, kuma ba zai kira masu riƙe da ita jahilai ba. Daga baya metir ya zama na kowa: ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar 1875, aka tsara ma'aunan duniya a 1960, tun 1983 ana fayyace metir da saurin haske, kilo ma tun 20 ga Mayu 2019 ya daina dogara da dunƙulen ƙarfen da yake ajiye a Sèvres. Cewa metir awon Nasara ne magana ce da ta wuce.

Sai dai masu son a shigo da awon gargajiya cikin aji su ma suna da nasu tuntuɓen, kuma muna ganin ya fi na farko haɗari domin yana kama da gyara. Sau da yawa ana rubuta wa yara cewa tiya ɗaya daidai take da kilo 2,5. A kasuwa lissafin yana tafiya, tun da an saba ɗaukar buhun gero mai kilo 100 a kan tiya 40. A ajin kimiyya kuwa wannan alamar daidaito ƙarya ce. Tiya kwano ce, abin da take aunawa shi ne wurin da hatsi ya cika. Kilo nauyi yake aunawa. Tiyar gero da tiyar gyaɗa mai ɓawo ba nauyinsu ɗaya ba, kowace mace ta san haka. Ban da wannan, akwai tsororo, akwai hannun da ma'auni yake tarewa da shi a bakin kwano, akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa, akwai tiyar kaka da tiyar bazara. Malamin da ya ce tiya kilo 2,5 ce ya rufe ƙofar da ya kamata ya buɗe. Da ya kawo sikeli ya sa an auna tiyar gero, da ta wake, da ta yashi, da ta dussa, da yaran sun gano da kansu bambancin cika da nauyi, wanda shi ne tushen darussa da yawa da suke jiransu a gaba. Daga nan sai a wuce ga ruwa: litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, litir ɗaya na man gyaɗa bai kai ba, wajen giram 910, na fetur kuwa ya fi sauƙi, wajen giram 740.

Mu koma ga kalmomin kansu, inda aikinmu ya fi yawa.

Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, ta Najeriya daga Ingilishi, saboda haka muna da metir da mita, litir da lita, santimetir da santimita. Kowace sura ta bi ƙa'idar harshen. Kalmar Faransanci tana ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, t da r, abin da gaɓar Hausa ba ta ɗauka, sai aka raba su da wasali. Bakin Ingilishi kuwa ba ya furta r ɗin ƙarshe, kunnen Bakano ya ji wasali, ya rubuta a. Wannan ƙaramin bambanci ya taɓa nahawu: lita ta ƙare da a, ta shiga jinsin mata, ana cewa litar mai, alhali litir yana tafiya da jinsin maza. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aiki a kan haruffa da ƙa'idojin rubutu, irin wannan bambanci kuwa daidaita haruffa ba ya kashe shi. Mu dai ba mu ga dalilin tilasta wa yaron Tawa ya ce mita ba, bayan gidansu da rediyonsu da telan unguwarsu duk metir suke cewa. Abin da ya wajaba shi ne littafi ya riƙe sura ɗaya daga farko har ƙarshe, ya kuma gaya wa yaro sau ɗaya cewa a ƙetaren iyaka mita ake cewa, abu ɗaya ne. Ya ƙara masa da cewa yadi ba metir ba ne: yadi santimetir 91,44 ne, saboda haka turmin atamfa mai yadi 6 bai kai metir biyar da rabi ba. Najeriya ta koma ga tsarin metir tun shekarun 1970, amma yadi da inci da galan ba su bar kasuwa ba, kuma yaran Ƙonni da Magarya da Ɗan Isa suna jin su kullum.

Akwai kuma jam'in da ake ƙaƙaba wa waɗannan kalmomi, irin su mitoci biyar. Hausa ba ta buƙatarsa. Muna cewa kwana biyar, shekara goma, gaba ashirin, dala ɗari. Sunan awo yana zama tilo gaban lamba. Jam'in nan inuwar s ce ta harsunan Turai.

Matsalar da ta fi zurfi ita ce ta ɗafa-goshi. Waɗanda suka tsara metir sun ɗauko deka da hekto da kilo daga Girkanci don ninkawa, desi da santi da mili daga Latin don rabawa. Yaron da Faransanci ne harshen uwarsa yana jin ɗari cikin santi, yana jin dubu cikin mili, kalmomin suna yi masa magana. Ga yaron Bahaushe kurame ne. In ma santi ya tuna masa da wani abu, to abin da mutum yake yi ne in miya ta yi daɗi. Deka da desi kuwa gaɓa ɗaya ce ta raba su, alhali dekametir ya ninka desimetir sau ɗari. Wasu sun ga maganin shi ne a fassara kome, a ƙirƙiro wa santimetir da kilometir sunaye na Hausa zalla. Niyyar mai kyau ce, amma ba ma goyon baya. Alamomin km da cm da mg na duniya ne, su yaro zai tarar a kwalin magani da allon hanya, kuma sunan da bai yi kama da alamarsa ba nauyi biyu ne a kansa. Kalmar kilo ta riga ta zama Hausa kamar yadda sabulu da alkalami suka zama.

Abin da ya kamata a fassara shi ne ma'anar, kuma a nan Hausa tana da dukiyar da darasin bai taɓa ba. Ƙidayarmu ta goma-goma ce tun asali. Tsofaffi a wurare da dama har yanzu suna cewa gomiya biyu, gomiya uku, inda wasu suke cewa ashirin da talatin. Muna da rabi da sulusi da rubu'i da humusi. Muna kuma da ushuri, kashi ɗaya cikin goma, wanda ɗan manomi ya gani da idonsa tun kafin ya shiga lakwal: duk kaka ana jera damman gero, a fid da ɗaya cikin goma na zakka. Desimetir ushurin metir ne, santimetir ushurin ushuri, milimetir ushurin wannan kuma. Da kalma ɗaya da yaro ya riga ya mallaka an bayyana rabin jadawalin. Abin mamaki ne a ce darasin da ake yi cikin Hausa ya wuce ta gefen wannan kalma bai gan ta ba. Sai dai a yi hattara da misalin kuɗi, wanda malaman Faransa suke dogara da shi don nuna goma-goma. A nan ba ya aiki kai tsaye, domin yaronmu da dala yake lissafi: in ya ga 100 a jikin kuɗi, dala ashirin yake cewa, 1 000 kuwa jikka. Kansa ya saba raba abin da ya gani da biyar, kuma wannan wani darasi ne dabam.

Kalmar awo ita kanta faɗi ne da ita. Ana awon tsawo, ana awon hatsi, ana awon nauyi, mace tana zuwa awon ciki. Wannan bai dame mu ba, kalmar Faransanci ma haka take da faɗi. Inda ake samun cikas shi ne ma'auni, wanda ake sa shi ya ɗauki abu biyu: kayan aikin da ake riƙewa a hannu, da kuma gwargwadon da aka yarda a ƙirga da shi. Dalilin a fili yake, mudu shi ne kwanon, shi ne kuma abin da kwanon ya ɗauka. Amma kimiyya tana buƙatar a raba su, tun da igiyar tela da sandar malam da igiyar mai awon fili kayan aiki uku ne, metir ɗin da suke nunawa ɗaya ne. Muna ba da shawara a bar ma'auni ga kayan aiki, a ce ƙwayar awo ga ɗayan, bisa ga yadda muke cewa ƙwaya ɗaya in muna ƙirga. Shawara ce, malaman da suke gaban yara su za su gaya mana ko ta zauna a baki.

Game da nauyi kuwa muna ganin an yi gaggawa. Kimiyya ta bambanta yawan abin da yake cikin jiki, wanda ake aunawa da kilo, da ƙarfin da ƙasa take jan jikin da shi, wanda yake raguwa zuwa kashi ɗaya cikin shida a kan wata. Babban taron ma'aunai ya fayyace wannan tun 1901, amma har yau Bafaranshe a kasuwa da kalmar ta biyu yake neman kilon nama. Babu dalilin ɗora wa yaron firamare baƙuwar kalma don bambancin da ba zai yi aiki da shi ba sai a kwaleji. A bar masa nauyi ga abin da sikeli ya nuna. In lokaci ya yi, jan ƙasa magana ce da kowane Bahaushe zai gane.

Darasin fili da na cika su ne jadawalin ya fi cuta, domin a nan kowane gida ya zama biyu ko uku, yaro kuwa bai san dalili ba. Ya haddace cewa metir santimetir 100 ne, sai ya ɗauka metir murabba'i ma santimetir murabba'i 100 ne, alhali 10 000 ne. Da an fita da shi farfajiya an shata fili mai metir ɗaya kowane gefe, da ya gani. Hekta kuwa fili ne mai metir 100 kowane gefe, kuma da ita ake rubuta takardar gona, da ita malamin gona yake faɗin yawan iri da taki. Metir kib ɗin da yake cikin takardar kuɗin ruwa litir 1 000 ne, wato ganga biyar masu litir 200, ko jarka 40 masu litir 25. Mafi kyawun misali kuma kyauta yake saukowa daga sama. Duk damina rediyo yana faɗin cewa an sami milimetir kaza a gari kaza, mutane da yawa suna ji ba su san abin da aka auna ba, tun da milimetir tsawo ne, ruwa kuwa a tulu ake ganinsa. Ma'anar ita ce milimetir ɗaya na ruwan sama litir ɗaya ne a kan kowane metir murabba'i. Ruwan milimetir 20 ya zuba litir 200 000 a hekta guda. A cikin wannan lissafi kaɗai tsawo da fili da cika sun haɗu, kuma gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da sandar awo sun isa a gwada shi a kowace lakwal ta ƙauye.

Kada a ce milimetir ya fi ƙarfin mutanen karkara. A yankin Mirriya, cikin shekarun 2010, an koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ƴar igiyar nan mai launi uku, wadda jan gidanta yake ƙasa da milimetir 115, alamar tamowa mai tsanani. Yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba, suka kuwa iya, domin an ba su abin a hannu, sun kuma san amfaninsa.

Saura batun rubutu da karatu, wanda ba mu ga an ba shi kulawar da ta dace ba. Ƙa'idar duniya ta sa lamba gaba, alama baya: 5 m, 12 kg. Hausa kuwa suna take sawa gaba: metir biyar, kilo goma sha biyu. Yaron da aka koya wa karatu daga hagu zuwa dama, in ba a faɗakar da shi ba, biyar metir zai ce, kuma ana jin wannan baƙuwar Hausa a bakin wasu da suka yi nisa a boko. Gyaran ba wuya: in da alama aka rubuta a bi tsarin duniya, in da cikakkiyar kalma a bi Hausa, a rubuta metir 5, a kuma koya wa yaro tun ranar farko cewa 5 m daga dama ake fara faɗinsa. Haka nan 2,5 m a fara karanta shi metir biyu da rabi, 2,1 m metir biyu da ushuri ɗaya, kafin a zo ga biyu waƙafi ɗaya, wanda sunan zanen ne kawai.

Waƙafin ma ba a gama da shi ba. Mu mun gaji waƙafi daga Faransanci, Najeriya ta gaji ɗigo daga Ingilishi, tana kuma sa waƙafi don raba dubbai. Babban taron ma'aunai na 2003 ya halatta duka biyu wajen raba cikakkiyar lamba da guntunta, ya kuma nanata cewa dubbai da fili ake raba su, ba da ɗigo ko waƙafi ba. Saboda haka 1,500 ɗaya da rabi ne a Maraɗi, dubu ɗaya da ɗari biyar ne a Katsina, tsakaninsu kuwa bai kai kilometir 100 ba. Magunguna da takin zamani da maganin ƙwari masu rubutun Ingilishi suna cikin kasuwanninmu, littattafan Hausa da aka buga a Zariya da Kano suna hannun yaranmu, Ingilishi kuma ya zama harshen aiki. Littafin kimiyya na Hausa da za a buga a Nijar ya riƙe waƙafi, ya raba dubbai da fili, sa'an nan ya keɓe shafi guda inda zai ajiye rubutun biyu kusa da juna, da hoton kwalin magani na kowane gefen iyaka, a sa yaro ya karanta adadin da baki kafin ya auna shi da cokali.